Ruwan Yuli da rijiyar Maris

A tsakar gidanmu a Jos akwai wata tsohuwar rijiya da ta girme ni. A watan Satumba in ka leƙa cikinta za ka hangi fuskarka kusa-kusa, gaba biyu na igiya sun isa guga ya nutse. Daga nan sai ta fara ja da baya a hankali, yau taki ɗaya, gobe taki ɗaya. Kafin Maris ya ƙare sai an ƙulla wata igiyar a bakin ta farko, kuma abin da gugan zai hauro da shi rabi ruwa ne rabi laka. Lokacin ne mata ke tashi tun kafin asuba suna rige-rigen ɗiban ɗan abin da ya taru cikin dare, lokacin ne kuma kuɗin jarka ke tashi a wurin 'yan ga-ruwa.

Abin da ke ɗaure mini kai tun ina yaro shi ne, garin nan ba garin fari ba ne. Jos na samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara. Da za a toshe duk wata mafita, ƙasa ta ƙi sha, rana ta ƙi ɗauka, da ruwan damina ɗaya ya kai wa babban mutum har ƙirji. Ya ninka na Maiduguri fiye da sau biyu. Mun kuma san fushinsa. A watan Yulin 2012 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya bar hanyarsa ya afka gidajen mutane a Rikkos da Gangare, mutum fiye da 30 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Na daɗe ina ɗaukar ambaliya da ƙafewar rijiya a matsayin masifu biyu daban. Yanzu na gamsu ciwo ɗaya ne. Ruwan da ya yi gaggawar wucewa a Yuli shi ne wanda rijiya ke nema ta rasa a Maris. Amma kafin a yarda da ni sai an bi ruwan tun daga inda ya taso.

Ruwan duniya ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, in ban da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda kakanninmu suka sha shi muke sha. Wuri kawai yake sauyawa da kama: yau ruwa, gobe tururi, jibi ƙanƙara. Kusan kashi 97 cikin 100 nasa na gishiri ne, yana teku. A ɗan abin da ya rage, fiye da kashi biyu cikin uku daskararre ne a Antaktika da Girinlan da kawunan manyan duwatsu, kusan kashi 30 cikin 100 kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Koguna da tafkunan da muke gani da ido, har da Kwara da Binuwai da Nilu, ba su kai kashi 1 cikin 100 na ruwan daɗin ba.

Rana ce ke tuƙa tafiyar. Tana dukan fuskar teku, ruwa ya tashi ya zama tururin da ido ba ya gani, ya bar gishirinsa a baya. Kusan kashi 86 cikin 100 na tururin da ke hawa sama daga teku yake fitowa. Wannan tashi kuma da tsada yake zuwa, kuma duk wanda ya sha ruwan randa da bazara ya san sirrin. Randar ƙasa tana naso, damshin da ya fito bayanta yana bushewa, kuma ba zai bushe ba sai ya zuƙi zafi daga jikin randar, shi ya sa ruwan ciki ke sanyi. Haka zufa ke yi wa jiki. Zafin da ake buƙata kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi ya ninka fiye da sau 5 wanda zai ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara ya kai ta tafasa. Tururin ne ke goya wannan zafi, ya tafi da shi duk inda iska ta nufa, sai ranar da ya koma ruwa a cikin gajimare ya sauke shi a can. Saboda haka duk hadarin da ya haɗu a kan Jos kaya biyu ya ɗauko daga Tekun Atlantika, ruwa da zafi, kuma zafin da yake saki shi ke ƙara ingiza shi sama har ya yi tsiri kamar dutse.

Sama kuwa ba ta ajiya. Da za a matse duk tururin da ke cikin iskar duniya a lokaci guda, abin da zai zubo ba zai wuce zurfin santimita 2.5 ba, kamar gaɓar yatsa ɗaya. Amma a shekara ana zuba wa duniya kusan mita ɗaya. Ke nan ana cika sama ana juyewa kusan sau 40 a shekara, kuma ɗigon ruwa kwana 9 kacal yake yi a can in aka yi ƙiyasi, alhali a teku yakan yi shekaru dubbai.

A ƙasar nan damina da rani kokawar iska biyu ce. Ɗaya na tasowa daga kudu maso yamma, daga kan teku, jiƙe sharkaf. Ɗayar na gangarowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya mai ƙura, ita ce iskar hunturu. Akwai layin da suke haɗuwa, kuma layin yana bin rana: yana haurawa arewa tun daga bazara, ya kai can cikin Nijar a Agusta, sannan ya juyo. Duk garin da ya wuce ya shiga damina. Shi ya sa Fatakwal ke ganin ruwa kafin mu, mu kafin Kano, Kano kafin Damagaram, kuma wanda ruwan ya zo wa a ƙarshe shi yake fara bari.

Tudun Jos ya tsaya a kan hanyar iskar teku kamar katanga. Garin yana kimanin mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere kuma sun haura mita 1,800. Iskar da ta ratso Akwanga in ta iso Hawan Kibo dole ta hau, kuma duk kilomita ɗaya na hawa zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi kamar mai ɗumi, sai ya fara taruwa a jikin ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da gishirin teku, yadda yake taruwa a cikin murfin tukunya. Direban da ya taɓa hawa Hawan Kibo da safiyar Agusta, ya kunna fitila cikin farin hazo bai ganin motar gabansa, cikin gajimare ya shiga. Ɗigon gajimare ƙanana ne ƙwarai, sai kusan miliyan ɗaya sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama guda. In hadarin ya yi tsayi sosai, iskar cikinsa ta riƙa cilla ɗigon sama inda sanyi ke daskarar da shi, sai ya faɗo ƙanƙara, wadda manoman tudu suka sani a jikin ganyen masara da dankali. Gefen tudun da ke fuskantar kudu maso yamma, wajen Assop da Kagoro, ya fi shan ruwa. In ka gangara ta Bauchi iskar ta riga ta sauke yawancin kayanta, ruwa ya ragu, daji ya sauya kama.

Wani zai ce, to in daga kudu maso yamma ruwan yake zuwa, me ya sa daga gabas hadari ke tasowa? Tsofaffi ba su yi kuskure ba da suke duban gabas kafin su ce a kwashe shanya. Iskar teku ƙasa-ƙasa take tafiya, ita ke kawo damshin. A samanta, kamar kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Da zarar hadari ya yi tsayi ya shiga cikinta sai ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Masana yanayi sun lura cewa tudun Jos na cikin wuraren da irin wannan hadari ke fara haɗuwa a Afirka ta Yamma, tare da duwatsun Kamaru da na Azbin. Hadarin da ya haɗu a kan Shere da la'asar yana iya zuba a Minna cikin dare.

Tururi bargo ne kuma. A Disamba da Janairu, sa'ad da iskar Sahara ta share damshin sama, zafin da ƙasa ta sha da rana yana tserewa da zarar rana ta faɗi. Shi ya sa daren hunturu a Jos ke sa a kwana da garwashi a ɗaki, leɓe ya tsage, ruwan alwala ya gagari hannu. A Agusta kuwa, duk da marka, dare ba ya kai wannan sanyi, domin akwai murfi a sama. Haka abin yake a duniya baki ɗaya. Ba don iskokin da ke riƙe zafi ba, da matsakaicin yanayin duniya ya zama digiri 18 ƙasa da sifili maimakon 15 sama da shi, kuma tururin ruwa ke yin kusan rabin wannan aiki. Iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur da kwal da gas ita ke fara ɗaga zafin, tururi ya biyo baya ya ƙara: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi tana iya riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Iska mai ƙishi ta fi saurin busar da gona, in kuma ta tashi juyewa sai ta juye da yawa a lokaci guda. Teku ma na da baki a maganar. Shi ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ta tara, kuma farin da ya gallabi Arewa a 1972 da 1973, ya sake dawowa a 1983 da 1984, bincike ya danganta shi da sauyin ɗumin tekuna, waɗanda yawancin waɗanda suka rasa shanunsu ba su taɓa gani ba.

To, ɗigon ya faɗo. Hanya uku ce a gabansa: ko ya koma sama, ko ya nutse cikin ƙasa, ko ya gangara. Duk rigimar ruwa a Jos a kan wannan rabo take.

Shekarun baya da rijiyarmu ta ƙafe ƙaf, aka kira wani dattijo maginin rijiya ya yashe ta. Da ya fito, jikinsa duk farar laka, na ce, “Baba, a ƙara mata gaba biyu mana.” Ya girgiza kai, ya miƙo mini wani dunƙulen dutse da ya hauro da shi. Na matsa da yatsa, ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce, “Ɗana, wannan ruɓaɓɓen dutsen shi ne tulun. Ƙarƙashinsa falalen dutse ne, ko shekara za ka yi kana sara ba ɗigo. Abin da ya sha da damina shi zai ba ka da rani.” Ban taɓa jin bayanin ruwan ƙarƙashin ƙasar Jos da ya fi wannan ba. Garin a kan dutsen giranit yake zaune, shi kuwa ba ya shan ruwa. Ma'ajiyarmu ita ce ruɓaɓɓen saman nan da tsagogin da ke cikin dutsen, waɗanda rijiyar burtsatse ke lalube. Ba kamar Borno ba, inda yashi ke jibge ɗaruruwan mita a ƙarƙashin ƙasa cike da ruwan da ya shekara dubbai. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma a tudun nan karin maganar na da sharaɗi: sai in an bar damina ta zuba shi. Tulunmu ƙarami ne, kowace shekara sai an cika shi.

Ƙasa kuma ba ta shan ruwa da gaggawa. Yayyafin marka na kwana biyu ya fi cika rijiya a kan ruwan awa ɗaya mai tsawa, ko da awonsu ya zo daidai. Abin da ke ba ta lokaci shi ne ciyawa, da busasshen ganye, da ramukan gara da tana, da hanyoyin da tsofaffin saiwoyi suka bari. Itatuwa na shan nasu kaso, gaskiya ne, su fitar ta ganye. Kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan da ke sauka a doron ƙasa a duniya yana komawa sama ta bushewa da numfashin tsirrai. Sai dai wannan ba asara ba ce ga na gaba. Iskar da ta baro teku ba da guzurinta na farko kaɗai take kai ruwa Katsina da Maraɗi ba. Tana zubawa a kurmin kudu, itatuwa su mayar mata, ta ƙara gaba ta sake zubawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wanda ya gangara shi ne magini. Duwatsun Riyom, waɗanda ke ɗore wani kan wani kamar da hannu aka jera su, aikinsa ne. Ruwan sama na da ɗan tsami saboda iskar kabon da ke narkewa cikinsa. Yana bin tsagar dutse a ƙarƙashin ƙasa, yana cin kusurwa da gefe, shekaru dubbai bisa dubbai, har dunƙulen ya mulmule a tsakiyar ruɓaɓɓiyar ƙasa. Daga baya zaizaya ta kwashe ƙasar ta bar su tsaye. Wani ɓangare na abin da ya ruɓe shi ne farar ƙasar da ake haƙa a tudun nan.

Har arzikin da ya raya Jos aikin ruwa ne. Kuza a warwatse take cikin dutse, ƙwaya nan ƙwaya can. Ruwa ya ruɓar da dutsen, ƙoramu suka tafi da yashi marar nauyi, suka bar baƙar ƙwayar mai nauyi kwance a gindin rafi, yadda tsakuwa ke zama a ƙasan ƙwarya in ana rege shinkafa. Turawan da suka zo a farkon ƙarni na 20 tsofaffin hanyoyin ruwa suka bi suna tonawa, da ruwa suka riƙa wanke ta, kuma don wutar ma'adinan aka kafa tashar lantarki a kan ruwan Kurra. Ramukan da suka bari a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi sun cika sun zama tafkuna. Suna cin rayukan yara da dabbobi, wannan ba a musu. Amma su ne kuma ke riƙe ruwan damina har cikin rani, da yawa daga lambunan kabeji da karas da latas da tumatir da ake lodawa a Farin Gada daga cikinsu suke sha. Ramin da aka tona ba don ruwa ba ya nuna mana abin da tsayar da ruwa ke haifarwa.

Kuma ruwan da ya bar mu ba bola yake zuwa ba. Tudun Jos rufin ɗaki ne mai indararo ta kowace fuska. Kogin Kaduna daga kusa da Vom yake tasowa, ya ratsa Kaduna, ya juya injinan lantarki na Shiroro, ya faɗa Kwara. Gongola na gangarawa ta gabas, ya cika madatsun Dadin Kowa da Kiri, ya haɗu da Binuwai a Numan. Kwara da Binuwai suna gamuwa a Lakwaja su nufi teku, kuma ƙasar Neja Delta da irin lakar da suke ɗauka aka gina ta. Dilimi kuwa, wanda ke ratsa tsakiyar garin nan muna zuba masa shara, arewa ya nufa. A Bauchi ya zama Bunga, ya zama Jama'are, ya haɗu da kogin Haɗejiya, su malala cikin fadamun Haɗejiya da Nguru inda ake noman shinkafa da su da kiwo, ragowar ta bi kogin Yobe ta Gashuwa da Gaidam zuwa Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 aka ɗaure kogin Haɗejiya, sai ambaliyar Jama'are ta ƙara daraja ga mutanen fadama. Gida biyu maƙwabta a kan tudun nan, ruwan rufin ɗaya na iya ƙarewa a Atlantika, na ɗayan a bakin Sahara.

Tafkin Chadi ba shi da mafita zuwa teku, yawancin abin da ya shiga rana ke ɗauke shi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Can baya kuwa, shekaru kamar 7,000 da suka wuce, lokacin da damina ke kutsawa cikin Sahara, tafkin ya haura murabba'in kilomita 300,000. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, mai kimanin shekara 8,000, shaida ne na wancan zamani mai ruwa. Mafi zurfin gindin tsohon tafkin shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda ya bushe ƙarmas. Da yawa daga farar ƙurar da ke kwanciya a kan motocinmu da hunturu daga can take tasowa. Lakar gindin tafki ce iska ke dawo mana da ita.

A dawo gida. Cikin shekarun nan mun sauya rabon nan na hanya uku ba tare da mun zauna mun yi shawara ba. Tsakar gida ta zama siminti ko intalok, fili ya zama gini, an sare itatuwan gefen dutse an yi itace da gawayi, an tsuke rafi da katanga, leda da robobi sun cushe kwalbati. Ɗigon da a da zai yi kwanaki yana nutsewa, yanzu cikin mintuna ya isa kwata. Duka unguwa ta sako nata a lokaci ɗaya, rafin da aka matse ya kasa ɗauka, sai ya nemi tsohuwar hanyarsa, ya tarar an yi ɗaki a kai. Ba na ɗora wa talakan da ya yi gini a bakin rafi laifi shi kaɗai, domin inda ya iya saye ke nan, kuma ruwan da ya cinye shi daga simintin masu hali na kan tudu ya gangaro. A ɗaya gefen, kowa na tona burtsatse cikin tulu ɗaya, ana ƙara masu ɗiba ana rage hanyar cikawa. In aka haɗa da iskar da ke ƙara ɗumi, mai juye ruwanta gaba ɗaya, sai ciwon ya tsananta ta fuska biyun.

Manyan ayyuka na hukuma ne: hana gini a hanyar ruwa, yashe madatsu, faɗaɗa magudanai, dasa itatuwa a kan gangara. Amma akwai lissafin da kowane mai gida zai iya yi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, wato gida madaidaici, yana karɓar lita 140,000 a daminar Jos. Jarka 5,600 ke nan mai cin lita 25, kuma kusan duka muna sakinsu cikin kwata. Ba tankin da zai ɗauke wannan, amma ƙasa za ta ɗauki kaso mai yawa in an ba ta hanya. A gidanmu mun fasa simintin gefe ɗaya na tsakar gida, muka haƙa rami kamar tsayin mutum a inda indararo ke zuba, muka cika shi da tsakuwa da yashi. Ruwan farko na shekara muna barinsa ya wuce, saboda shi ke wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye daga kwano. Ramin kuma sai an yi shi nesa da masai da harsashin gini, domin hanyar da ruwan sama ke bi ya isa rijiya ita ce ƙazanta ma ke bi.